Dutse mai suna biyu

A tsakiyar ƙasar Ostareliya, cikin hamada, akwai wani babban jan dutse. Tsawonsa mita 348 ne. Mai son zagaya shi sai ya yi tafiyar kilomita 9 da ɗoriya. Dutsen nan yana da suna biyu: Uluru da Ayers Rock.

Mutanen farko na Ostareliya ana ce da su Aborijin. Kakanninsu sun zauna ƙasar fiye da shekara 50.000. Waɗanda ke kewayen dutsen sunansu Anangu. Su ne ke kiran sa Uluru. A wurinsu dutsen mai tsarki ne. Kogunansa da maɓuɓɓugansa suna da labaru, waɗanda tsofaffi ke koya wa yara.

Turawan Ingila sun fara zama Ostareliya a shekara ta 1788. A 1873 wani Bature mai suna William Gosse ya iso gindin dutsen. Sai ya raɗa masa Ayers Rock, wato dutsen Ayers, don girmama wani shugaba, Henry Ayers. Sunan nan ne ya bazu cikin taswira da littattafai.

Amma Anangu ba su manta da nasu sunan ba, kuma ba su daina neman ƙasarsu ba. A 1985 gwamnati ta mayar musu da dutsen. A 1993 aka haɗa sunayen biyu, na Turawa a gaba. A 2002 aka juya su, Uluru ya dawo farko. Tun 2019 an hana hawan dutsen, kamar yadda Anangu suka so.

Me ya sa aka haɗa sunayen? Baƙi da yawa sunan Turawa kaɗai suka sani. In an rubuta biyun tare, baƙo ba zai ɓata ba, zai kuma koyi sunan asali. Ƴan ƙasa a da suna da harsuna fiye da 250, amma da yawa sun ɓace. Sunan da ake gani a allon hanya, ana faɗa kullum, ba ya saurin mutuwa.

Tambayoyi
1. Su wa ke kiran dutsen Uluru?
2. Me ya faru a 1985?
3. Ku tambayi tsofaffi tsohon sunan unguwarku da ma'anarsa.