Gada Mai Rufi

Jama'a, kun taɓa jin gada mai rufi kamar ɗaki? Akwai ta. A ƙasar Amurka, a jihar Bamont, akwai wani ƙauye ana ce da shi Batonsbil. Kogi ya ratsa ta gefensa. A shekarar 1870 aka yi masa gada ta katako. Aka yi mata bango dama da hagu, aka ɗora mata rufi.

Me ya sa suka yi haka? Ku dubi rumbunku. In ba jinka, damina ɗaya ta ishe shi. Haka katako yake. In ruwa ya jiƙa shi, rana ta busar, ruwa ya sake jiƙawa, sai ya ruɓe. Gadar katako da ba rufi da ƙyar take wuce shekara 20. Amma ta Batonsbil ta yi shekara 141 ana bi ta kanta.

Ran 28 ga Agusta, a shekarar 2011, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kogi ya cika ya batse. Ya yi ta cin ƙasar da ke ƙarƙashin gindin gadar, har ta zame ta faɗa ruwa. Rufi ya tsare ta daga sama, amma ɓarna ta ƙasa ta zo.

Mutanen ƙauyen ba su zauna suna kuka ba. Suka ce irin tsohuwar suke so. Aka sake ginawa da katako da rufi. Aka ƙara mata tsawo, aka ƙarfafa gindinta. A watan Janairu na 2013 aka buɗe ta.

To, mu dawo gida. Mu a ƙasar Funtuwa da Malumfashi ba mu da gada mai rufi. Amma muna da kadarko da kwalbati a hanyoyin ƙauye. Ta kansu ake kai auduga da masara da dawa kasuwa. Ta kansu yara ke zuwa makaranta. Ta kansu ake kai mai naƙuda asibiti. In kadarko ya karye a tsakiyar damina, kowa ya san wahalar.

Saboda haka kafin ruwan fari ya sauka, ku gaya wa mai unguwa a kira gayya. A duba azara, a canja wadda ta ruɓe. A kwashe yashi da shara daga bakin kwalbati, ruwa ya sami hanya. Inda ruwa ya fara cin gindi, a jera duwatsu, a dasa ciyawa. In aikin ya fi ƙarfinku, ku rubuta wa ƙaramar hukuma takarda. Ai yanzu kun iya rubutu.

Rigakafi ya fi magani.