Ciwon Sukari: A Duba Man Da Ke Cikin Miya

Duk ɗan Arewa da ya daɗe a Kurmi ya san yadda cimarsa ta sauya. A gida tuwon dawa ne ko na gero da miyar kuka, mai kuwa ɗan kaɗan ake ɗigawa a kai. A Agege ko Mile 12 cikin Ikko, ko Sabo ta Badun, sai ga teba da miyar da manja ke iyo a kanta, da safe ƙosai da soyayyar doya, da dare tsire, ga kuma zaman shago tun hantsi har magariba. Bayan 'yan shekaru tumbi ya fito, abokai su ce kuɗi sun zauna. Ran nan likita ya ce ciwon sukari ne, mutum ya yi ta rantsuwa shi ko shayinsa ba ya cika wa sukari.

Watakila gaskiya ya faɗa. Abin da bai sani ba shi ne, man da ke cikin abinci yana da hannu a maganar.

Bayan tumbin mutum akwai wata 'yar tsoka mai fitar da sinadarin da likitoci ke kira insulin. Aikinsa shi ne ya buɗe wa sukarin da ke cikin jini hanya ya shiga naman jiki, a ƙone shi a sami ƙarfi. Idan jiki ya daina jin maganar insulin, sai tsokar nan ta yi ta ƙara fitar da shi shekara da shekaru har ta gaji, sukari ya taru a jini. A 1993 masana a Jami'ar Harvard ta Amurka suka nuna cewa kitsen da ya yi yawa yana fitar da sinadarin kumburi, watau irin wanda jiki ke tayarwa wajen yaƙi da cuta, kuma sinadarin nan yana toshe aikin insulin. Kumburi ne na ɓoye, ba zafi, ba zazzaɓi, don haka mai shi ba ya zuwa asibiti.

To, mai iri-iri ne. Akwai mai daskarewa, irin su kitsen nama, man shanu, da manja wanda kusan rabinsa wannan iri ne. Akwai wanda ba ya daskarewa, kamar man gyaɗa, na riɗi da na waken suya. A Jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin an yi wani gwaji da aka buga a 2014. An sami matasa 39 lafiyayyu, aka riƙa ba su kek har mako 7, na wasu an yi shi da man kwakwar manja, na wasu da man furen rana. Duka ɓangarorin biyu sun ƙara nauyi daidai wa daida. Amma da aka duba cikinsu, sai aka tarar masu cin na manja sun fi tara kitse a hanta da kewayen hanji, nan ne kuwa kitse ya fi yi wa insulin ɓarna.

Kada wani ya ɗauka laifin abincin Kudu ne kawai. Man shanun da ake taƙama da shi a kan tuwo da kitsen da ake roƙon mai tsire ya ƙara, duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Jan manja ma yana da nasa amfani, gama yana ɗauke da abin da jiki ke mayarwa bitamin A, sai dai idan an ƙona shi a tukunya har ya yi fari, yawancin wannan amfani ya bi hayaƙi. Magana a kan yawa take: cokali ɗaya da ludayi ba ɗaya ba ne.

Cikin mai mara daskarewa akwai iri biyu da jiki ba ya iya yi da kansa, tilas sai daga abinci. Na farko ana kiransa omega-6, yana nan jingim a man gyaɗa da na masara da agushi. Na biyu omega-3, wanda ya fi yawa a kifin teku mai maiƙo, kuma daga gare shi jiki ke yin sinadaran da ke kwantar da kumburi. An daɗe ana yaɗa cewa omega-6 shi ke hura kumburi, har wasu suka fara gudun man gyaɗa. Gwaje-gwajen da aka yi a kan mutane ba su tabbatar da haka ba. Hasali ma an ga waɗanda ke da shi da yawa a jini sun fi tsira daga ciwon sukari. Inda gizo ke saƙa shi ne ƙarancin omega-3, domin man gyaɗa kusan babu shi a ciki.

A nan mazaunin Kurmi ya fi na gida sa'a. Titus da shawa suna kowace kasuwa, kifin gwangwani ma ya wadatar, likitoci kuwa sau 2 a mako suke ba da shawara a ci. A gasa shi ko a sa a miya ya fi a soya. Ƙwayoyin man kifi da ake sayarwa da tsada a kantin magani ba a ga sun hana ciwon sukari ba a manyan gwaje-gwaje, saboda haka kuɗin ya fi kyau a hannun mai kifi.

Sauran man suya. Wanda aka yi ta maimaitawa a kasko kwana da kwanaki har ya yi baƙi ya riga ya lalace. Akwai kuma man da masana'antu ke daskarar da shi don biskit da wasu kayan gashi, wanda ya fi kowane illa ga zuciya. Dokar hukumar NAFDAC ta 2022 ta ce kada irinsa ya wuce giram 2 cikin giram 100 na mai.

Mai son sanin inda yake tsaye, ya ari awon tela ya auna cikinsa daidai saman cibiya kaɗan. Namiji idan ya kai santimita 94, mace 80, lokaci ya yi da za a je a gwada jini tun da safe kafin a karya kumallo, balle in akwai mai ciwon sukari a cikin dangi.