Idan Maganin Taɓin Hankali Ya Juya Wa Fata

A Gure, in dangi suka gaji da rubutu da hayaƙi, asibiti suke kai mai taɓin hankali, wani lokaci har babban asibitin Damagaram, tafiyar sama da kilomita 150. Cikin ƙwayoyin da likita kan rubuta akwai Tegretol, ga wanda yau yana cikin zumuɗi gobe baƙin ciki ya danne shi, da Gardénal ga mai farfaɗiya. Magunguna ne masu amfani. Sai dai jefi-jefi jikin wani yakan ƙi su, ƙi mai muni.

Abin yakan taso ne cikin wata biyun farko da fara sha. Masassara, ciwon maƙogwaro, ido ya yi ja. Kowa sai ya ce palu (zazzaɓin cizon sauro) ne ko baƙon dauro, a ci gaba da ɗura masa ƙwayar. Kwana kaɗan leɓe ya tsattsage, baki ya cika da gyambo, fata ta yi bororo ta riƙa saɓulewa kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. Likitocin yara biyu a Amurka, Stevens da Johnson, suka bayyana ciwon a 1922; Alan Lyell ya bayyana mafi tsananinsa a 1956, wanda ke cin fiye da kashi 30 cikin 100 na fatar jiki, yana kuma kisa.

Abin takaici, mai taɓin hankali ko ya yi kuka ba a cika saurarensa ba, sai a ce ciwon nasa ne ke magana.

Matakin farko shi ne likita ya tsayar da ƙwayar nan take. Daga nan jinyar mai ƙuna ake yi masa: ƙarin ruwa, wanke raunuka da tsabta, ɗumama ɗaki, abinci mai ruwa-ruwa, da kula da ido kullum don kada ya makance. Likita ba zai maye gurbin Tegretol da Gardénal ba, domin jikin da ya ƙi ɗaya yakan ƙi ɗayan. Ciwon ƙwaƙwalwar kuma yana nan, dole a nemo masa magani daga wani jinsi daban, ba a sallame shi haka ba.

Masu jinya, in kuka ga masassara da gyambon baki bayan sabon magani, ku kai majinyacin asibiti ranar, ku tafi da kwalin ƙwayar, a rubuta sunanta a katinsa don kada a sake ba shi ita har abada.