Katifar soso: a san iri kafin a biya kuɗi

In kaka ta yi, aka sayar da wake da gujiya da aya, sai hidimar aure ta taso. Magidanta daga Tibiri da Jiratawa sukan shigo babbar kasuwar Maraɗi sayen kayan ɗaki. Cikin kayan nan, katifa tana daga masu cin kuɗi da yawa. Uba ya ga mai kauri da riga mai fure, ya biya. Kafin shekara ta zagayo tsakiyarta ta lotsa, amarya da ango suna tashi da ciwon baya. Ga kuɗin noman bana sun tafi.

Dalili shi ne, an dubi riga, ba a tambayi abin da ke ciki ba. Wannan shi ne cinikin biri a sama.

Daga ina soso ya fito?

Iyayenmu sun kwanta bisa tabarma da gadon kara, da katifar rimi ko ta auduga. Soso baƙo ne. Mafi yawansa ana yin sa da sinadarai da ake samu daga man fetur. Wani Bajamushe mai suna Otto Bayer ne ya gano wannan haɗi a 1937. Ana gauraya sinadaran, su kumbura kamar ƙullun fanke, su daskare, sannan a yanka. A maƙwabciyarmu Nijeriya akwai manyan kamfanonin soso, kamar Vitafoam da aka kafa a 1962, da kuma Mouka.

Soso iri huɗu ne a katifa

Na ɗaya, soso na gama-gari. Shi ne ya cika kasuwa. Akwai mai ƙwari, akwai marar ƙwari, ko da yake a ido duk ɗaya suke.

Na biyu, matsattsen soso. Gutsattsarin soso ake tarawa, a zuba masu gam, a danne da inji. In ka duba cikinsa za ka ga launi barkatai. Yana da nauyi da tauri, yana kuma jimre wa mai jiki. Shi ne ake yawan sawa cikin katifar da ƴan kasuwa ke kira ta masu ciwon baya.

Na uku, soso mai riƙe shaida. In ka danna shi da hannu, sawun hannun yakan jima kafin ya ɓace. An ƙirƙiro shi a Amurka a 1966 don kujerun jirgin sama. Yana bin siffar jiki, amma yana riƙe zafi. A garin da zafin bazara ke wuce digiri 40, sai a yi tunani kafin a saye shi. Sau da yawa siririnsa ake yi, a shimfiɗa bisa wata katifa don ƙarin laushi. Wannan shimfiɗar sama ba ta gyara katifar da ta riga ta lotsa.

Na huɗu, soson roba. Da ƙaron itacen roba ake yin sa. Kamfanin Dunlop na Ingila ne ya fara shi a 1929. Yana daɗewa, yana tasowa nan take in an danna, amma yana da tsada.

Kauri dabam, nauyi dabam

Abin da ke nuna ƙwarin soso na gama-gari shi ne nauyinsa. Masu yin sa sukan auna kilo nawa ne curin da ke da mita ɗaya a tsawo, mita ɗaya a faɗi, mita ɗaya a kauri. In curin ya yi kilo 18, sai a ce soso mai lamba 18 ne. In ya yi kilo 30, mai lamba 30 ne. Mai babbar lamba ya fi jimawa bai lotsa ba.

Ga lissafi. A ɗauki katifa mai tsawon santimita 190, faɗi 140, kauri 15. In sosonta mai lamba 18 ne, nauyinsa bai wuce kilo 7 da ƴan kai ba. In mai lamba 30 ne, ya kusa kilo 12. Girma ɗaya ke nan, amma kwana ba ɗaya ba.

Sai dai a kula, akwai masu zuba garin farin dutse cikin haɗin don soso ya yi nauyi. Irin wannan yana saurin marmashewa. Saboda haka ɗagawa kaɗai ba ta isa ba.

In ka je kasuwa

Karanta takardar da ke jikin katifa. Nan ne amfanin karatunka. Nemi sunan kamfani, da lamba, da shekarun da suka yi alkawarin za ta yi.

Ɗaga biyu masu girma ɗaya, ka ji wadda ta fi nauyi.

Zauna a bakinta ka tashi. In ka ji ƙasa, ko ramin ya ƙi cikowa, bar ta.

Karɓi rasit, ka adana.

Katifa da lafiya

Mutane da yawa suna cewa mai ciwon baya sai katifa mai tauri kamar dutse. A 2003 likitoci a ƙasar Sifen sun gwada mutum 313 masu daɗaɗɗen ciwon baya. Waɗanda suka kwana bisa katifa mai matsakaicin tauri sun fi samun sauƙi. Manomin da ya wuni duƙe a gona ko a lambun Jiratawa yana bukatar makwancin da zai tallafi bayansa. Amma in ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, likita za a gani.

Jinjiri kuwa, a kwantar da shi rigingine bisa shimfiɗa mai tauri. Kada a aza shi bisa soso mai laushi ko matashi, don fuskarsa tana iya nutsewa, numfashi ya toshe.

Babban haɗarin soso shi ne wuta. Yana kamawa da sauri, hayaƙinsa kuma guba ne mai kisa. A nisanta shi daga fitila, da kyandir, da taba, da maganin sauro na kunnawa. Uwargida, a lokacin ɗari kada kaskon wuta ko na turare ya kwana kusa da gado.

Yadda za ta daɗe

A riƙa juya ta, kai ya koma ƙafa. A sa leda ƙarƙashin zanen yaro mai fitsarin kwance, don soso yana shan ruwa ya yi wari. In za a shanya ta, a bar ta cikin rigarta, don rana tana cin soso tsirara. A duba ɗinkin gefe saboda kuɗin cizo. Da dare a cusa bakin sange, wato gidan sauro, a ƙarƙashinta.

Jama'a, araha ba ta ado. Gara siririyar katifa mai ƙwari da ƙatuwar da za a sake saye baɗi. Wanda ya karanta wannan shafi, ya karanta wa maƙwabcinsa kafin ranar kasuwa. Allah ya ba mu lafiya da barci mai daɗi, amin.