Amaryar ƙauye da tazarar haihuwa: da wa za a yi magana?

Duk lokacin da na ta da zancen 'yan mata da magungunan tazarar haihuwa a aji, ɗalibaina kan haɗe rai, domin tunaninsu yakan tafi ga lalata. Sai na tunatar da su cewa a yawancin ƙauyukanmu, yarinya 'yar shekara 16 mai ciki matar aure ce, tana ɗakinta.

Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 27 cikin ɗari na 'yan matan karkara masu shekara 15 zuwa 19 sun haihu ko suna da cikin fari. A birane kashi 8 ne. A Jihar Bauchi kuwa adadin ya kai 41.

Yarinyar da ƙugunta bai gama buɗewa ba ta fi fuskantar doguwar naƙuda. Idan kan jariri ya daɗe yana danne mafitsara, naman wurin ya mutu, sai yoyon fitsari ya biyo baya. Mai shakka ya leƙa asibitin Babbar Ruga a Katsina. Ga jijjiga, ga ƙarancin jini. In ta tsira, kafin ta yaye goyo an sake samun ciki.

Duk da haka, wayar da kan da ake yi ya fi karkata ga ita yarinyar, wadda ba ta fita ko asibiti sai da izinin miji, kuma uwar miji na ƙirga mata watanni. Wadda ta gaji sai ta aika kemis a ɓoye, ta sha abin da aka ba ta ba tare da awo ba. Babu mai gaya mata cewa ƙwaya ko allurar wata uku ciki kawai suke hanawa. Ba sa kare ta daga ciwon sanyi ko ƙanjamau idan maigida ya kwaso a wurin cin rani. Kororon roba ne ke yin wannan, shi kuma a hannun namiji yake.

A ganina, majalisar maza da masallacin Juma'a ne wurin wannan zance. Alƙur'ani ya ambaci shayarwa ta shekara biyu, sahabbai sun yi azalu a zamanin Manzon Allah (SAW), malamai da dama kuma sun halatta tazara saboda lafiyar uwa. Liman ya san wannan. Ango ɗan shekara 22 da ya sayar da wake ya yi lefe ne bai taɓa jin an faɗa masa ba.