Wayar da ke mutuwa ta tashi da kanta: abin da ya kamata a sani kafin a yi mata filashin

Cikin ƙorafe-ƙorafen da masu gyara ke ji a titin Beirut da ke Fagge da kuma shagunan Sabon Gari, akwai ɗaya mai ban haushi: ana tsakiyar Free Fire ko kallon TikTok sai hoto ya daskare, fuskar waya ta yi baƙi, tambarin kamfani ya fito kamar yanzu aka kunna ta. Ga caji ya haura rabi, ga wayar ba ta faɗi ba, ba ta kuma shiga ruwa ba. Maganin da aka fi ba mai waya shi ne filashin, wani lokacin kuma canjin batir. Akan dace. Amma akwai nau'in wannan matsala da ko sau goma aka yi filashin sai ta dawo, domin laifin yana cikin direban hoto, kuma filashin wannan direban zai sake zubawa.

Android a kan kenel ɗin Linux aka gina ta, wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991. Kenel shi ne maigidan waya. Shi ke raba wa kowace manhaja wurinta a ram, shi ke hana WhatsApp leƙa abin da ke cikin manhajar banki. Shi kuwa zanen duk abin da ido ke gani aikin wani ɓangare ne da ake kira GPU. Wayoyin Tecno da Infinix da yawa masu injin Helio G85 ko G99 na MediaTek suna amfani da GPU mai suna Mali na kamfanin Arm na Ingila, masu Snapdragon kuma Adreno na Qualcomm. Direba shi ne tafintan da ke tsakanin GPU da sauran waya, kuma wani sashensa a cikin kenel yake zaune.

Nan gizo ke saƙa. Idan manhaja ta yi kuskure, kenel kan rufe ta, mai waya ya ga ta fita, shi ke nan. Idan kuwa mai kuskuren yana cikin kenel, babu wani na sama da zai rufe shi. Da kenel ya ga bayanansa sun gurɓata yakan tsayar da komai ya sake tayar da waya, domin ci gaba da aiki a haka zai iya lalata abin da ke ajiye.

Kuskuren da ya fi suna a direbobin hoto shi ne amfani da wuri bayan an sallame shi. Misalinsa kamar ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari da ya saki shago, mai gida ya ba wani haya, amma yaron tsohon mai shagon yana riƙe da makulli, bai ji labari ba, yana ta kai dilar atamfa yana jibgewa a kan kayan sabon mai shago. Direba yakan karɓi wuri a ram domin zanen wasa, ya gama, ya mayar wa kenel, amma ya manta bai goge adireshin daga hannun GPU ba. Kenel ya ba wani aiki wurin, GPU ya zo ya rubuta a kai.

Abin da ke wahalar da injiniyoyi shi ne, ba a lokacin ɓarnar wayar ke faɗuwa ba. Sai sabon mai wurin ya zo ɗaukar kayansa ya tarar da shirme, watakila bayan daƙiƙa ɗaya, watakila bayan minti ashirin. Rahoton faɗuwar sai ya nuna sashen intanet ko na kyamara, alhali su aka zalunta. Ga shi kuma irin wannan kuskure sau da yawa sai ayyuka biyu sun yi karo a daidai lokaci ɗaya yake faruwa. Shi ya sa waya kan yi lafiya lau a kan teburin mai gyara, ta koma gida ta mutu, har a fara zargin juna.

To yaya ake kama mai laifin? Farko dai ana neman maganar ƙarshe da kenel ya yi. A wayoyi da yawa ana ware wani ɗan lungu a ram, ta hanyar tsarin da ake kira pstore, inda kenel ke barin bayanin abin da yake yi kafin ya faɗi. Bayanin yana tsallake sake tashin waya, amma ba ya tsallake yankewar wuta gaba ɗaya. Ma'ana, da mai gyara ya ɓalle murfi ya cire igiyar batir, abin da ke wannan lungu ya tafi. Kwafin da Android kan ajiye a ma'adanar waya kuma filashin ke share shi.

Injiniyoyin da ke rubuta direba suna da babban makami mai suna KASAN, wanda ya shiga Linux a 2015. Yakan kwashe kashi ɗaya cikin takwas na ram ya mayar da shi littafin rajista, inda ake rubuta wane wuri ne a hannun wani, wane ne aka sallama. Wurin da aka sallama ba a ba wani nan take, ana killace shi na ɗan lokaci. Duk sashen kenel da ya taɓa shi sai rahoto ya fito da wanda ya karɓi wurin, wanda ya sallame shi, da wanda ya dawo ta bayan gida. Sai dai yana rage gudu ƙwarai, don haka a wayoyin gwaji na kamfani ake kunna shi. Kuma idonsa a kan aikin kenel yake. Abin da GPU ya rubuta da kansa ba ya gani, dole a bi teburin adireshin GPU a tantance.

Maganar ta wuce katsewar wasa. Kowace manhaja tana iya magana da direban hoto ba tare da neman izini ba, sabanin kyamara ko lambobin waya, domin kowace na buƙatar zane. Wanda ya gano irin wannan kuskure zai iya shirya abin da za a rubuta a wurin da gangan, ya samu ikon kenel a wayar da ake tura kuɗi da ita. A Nuwamba 2022 ayarin Project Zero na Google ya bayyana cewa ya kai wa Arm rahoton kurakurai biyar a direban Mali a watannin Yuni da Yuli, Arm ya gyara a Yuli da Agusta, amma har lokacin gyaran bai isa wayoyin da suka gwada ba, ciki har da na Samsung, Xiaomi, Oppo da Pixel ta Google ɗin kanta. A Oktoba 2023 Arm ya yi gargaɗi cewa akwai alamun ana amfani da wani kuskuren, mai lamba CVE-2023-4211, wajen kai hari kan wasu zaɓaɓɓun mutane. Shi ma na taɓa wurin da aka sallama ne. Gyara yana bin dogon layi: daga Arm zuwa mai ƙera inji, zuwa kamfanin waya, sannan ya iso a matsayin sabuntawa, wadda mutane da yawa ke turewa saboda tsadar data.

Ba kowace mutuwar waya ce ta direba ba, kuma masu gyara suna da gaskiya idan suka fara zargin batir. Batirin da ya gaji ba ya iya ba da wutar da wasa mai nauyi ke ja, zafin Kano na watan Afrilu da ke haura digiri 40 ma yana sa waya kare kanta. Idan mutuwar na zuwa ne caji ya yi ƙasa ko bayan wayar ya yi zafi, can za a duba. Idan kuwa wayar a sanyaye take, caji cike, kuma wasa ɗaya ko manhaja ɗaya ce ke jawo ta, musamman bayan wata sabuntawa, zargi ya koma kan direba.

A wannan hali, kafin a hau Adaidaita zuwa kasuwa, a shiga saitin, a buɗe About phone, a danna Build number sau bakwai, sai Developer options ya buɗe. A ciki akwai Bug report. A ɗauke shi da zarar wayar ta tashi daga faɗuwa, a kuma rubuta abin da ake yi da ita a lokacin. A rahoton akan samu dalilin tashin waya, kuma idan aka ga kernel_panic ko watchdog tare da kalmar mali ko kgsl a kusa, alama ce mai ƙarfi. Rahoton yana ɗauke da bayanan sirri, don haka cibiyar kula da wayoyin kamfanin ake kai wa, kamar Carlcare ga masu Tecno, Infinix da itel, ba zauren WhatsApp ba. A duba kuma kwanan watan sabuntawar tsaro. Idan akwai sabuwa a sauke ta, domin ta nan ne gyararren direba ke shigowa. Idan babu, rage ingancin hoto a saitin wasan yakan rage yawan faɗuwar, ko da yake kuskuren yana nan daram.