Detroit: An Gina Filin Wasa, Ina Unguwannin Da Aka Yi Alkawari?

A ranar 18 ga watan Yulin 2013 ne mahukuntan birnin Detroit da ke Jihar Michigan ta ƙasar Amurka suka garzaya kotu suka ayyana cewa birnin ya samu karayar arziki, domin bashin da ke wuyansa ya kai kimanin dala biliyan 18, kuma babu hanyar biya. Ba a taɓa samun wani birni mai girmansa da ya shiga irin wannan hali a tarihin ƙasar ba. Fitilun kan titi da yawa sun daina kamawa, 'yan sanda ba sa zuwa a kan lokaci idan an kira su, tsofaffin ma'aikata kuwa suna zaman zullumin abin da zai faru da kuɗinsu na fansho. To amma ko mako guda ba a cika ba sai ga wata hukumar jihar ta amince da shirin zuba miliyoyin daloli na jama'a wajen gina wa wani kulob mai zaman kansa sabon filin wasa a tsakiyar wannan birni.

Da mutane suka yi ca, sai aka ba su amsa mai daɗin ji. Aka ce ai filin wasan somin-taɓi ne kawai, babban abin da ake hange shi ne farfaɗo da kangaye da filayen da ke kewaye da shi, a mayar da su unguwanni masu gidaje da shaguna da ofisoshi da wuraren shaƙatawa. Yau sama da shekara goma ke nan da yin wannan alkawari, saboda haka lokaci ya yi da za a dubi abin da aka shuka da kuma abin da ya tsiro.

Kafin a fahimci yadda aka yi tsakiyar babban birni ya cika da filayen da ba kowa, sai an waiwayi tarihi. A 1950, lokacin da masana'antun ƙera motoci na Ford da General Motors da Chrysler ke tashe, mutanen Detroit sun haura miliyan 1.8. A ƙidayar 2020 kuwa kimanin 639,000 ne kawai. Masana'antu sun koma bayan gari, masu hali sun bi su, manyan hanyoyin da aka shimfiɗa sun daddatsa tsofaffin unguwanni, gidaje dubbai suka zama kufai har aka rushe su. Yankin da ake kira Cass Corridor, wanda ke arewa da cibiyar kasuwancin birnin, yana cikin waɗanda abin ya fi shafa.

A cikin wannan yanayi ne iyalan Ilitch suka yi suna. Marigayi Mike Ilitch da matarsa Marian sun kafa kamfanin Little Caesars mai sayar da abincin nan na pizza a 1959. A 1982 ya sayi kulob ɗin Red Wings mai wasan hoki na kan ƙanƙara, a 1992 kuma ya sayi Tigers mai wasan besbol. Ya sayi tsohon gidan wasan kwaikwayo na Fox a 1987, ya gyara shi, ya kuma dawo da hedikwatar kamfaninsa cikin gari a daidai lokacin da kowa ke tattara komatsansa yana ficewa. Wannan abin a yaba ne, kuma mutanen Detroit ba su manta ba. Sai dai a shekarun da suka biyo baya, kamfanonin da ke da alaƙa da iyalan sun riƙa sayen filaye da tsofaffin gine-gine a Cass Corridor sannu a hankali, ba tare da hayaniya ba, kuma da yawa daga ciki aka bar su a rufe suna lalacewa.

A watan Yulin 2014 kamfanin iyalan mai suna Olympia Development ya baje kolin shirinsa da ya raɗa wa suna District Detroit. Aka nuna zane-zane masu ɗaukar ido na yanki mai rukunin gine-gine 50, wanda za a kasa shi unguwanni biyar, kowace da sunanta. A cikin hotunan ga iyalai suna yawo a ƙarƙashin bishiyoyi, ga gidajen abinci cike da jama'a, ga benaye sun jeru reras. A 2017 aka ƙara da sanarwar cewa za a samar da gidajen zama 686 a gine-gine shida, kuma za a ware kashi 20 cikin ɗari ga masu ƙaramin ƙarfi.

Shi kuwa filin wasan, wanda aka sa wa suna Little Caesars Arena, an buɗe shi a watan Satumban 2017, bayan ya lashe kimanin dala miliyan 863. Daga ciki, kusan dala miliyan 324 kuɗin jama'a ne, wanda ake biya daga harajin kadarori da Hukumar Raya Tsakiyar Gari ke tsakura, har da kason da a ƙa'ida na makarantu ne. A farkon 2014 majalisar birnin ta miƙa filaye 39 domin aikin a kan dala ɗaya tak. Da yake a takarda hukumar ce ta mallaki ginin, ba a biyan harajin kadara a kansa. Kuɗin tikiti da na abinci da na ajiye motoci da na sunan da aka liƙa a jikin ginin kuwa, duk aljihun kamfanin suke shiga, alhali a tsohon filin Joe Louis birnin yana da kasonsa. Yarjejeniyar ta shekara 35 ce, kuma ana iya sabunta ta har ta kai shekara 95. Duk wannan ya faru ne a birnin da aka zabtare wa tsofaffin ma'aikatansa kashi 4.5 cikin ɗari na fanshonsu kafin ya fita daga hannun kotu a ƙarshen 2014. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

To ina unguwannin? Zuwa 2019, shekara biyu da buɗe filin, ko ɗaya daga cikin gidajen nan 686 ba a kammala ba. Abin da baƙo ke gani idan ya fito daga kallon wasa shi ne filayen ajiye motoci shimfiɗe da kwalta, an kewaye su da shingen ƙarfe, sai kuma tsofaffin benaye da aka toshe tagoginsu da katako. An rushe tsohon otal ɗin Park Avenue a 2015 domin filin wasan ya samu sarari, bisa sharaɗin za a gyara maƙwabcinsa Eddystone, amma sai a 2021 aka buɗe shi da gidaje 92, bayan dogon matsin lamba. Hatta sharaɗin da aka gindaya cewa kashi 51 cikin ɗari na aikin ginin mazauna birnin ne za su yi, ba a cika shi ba, 'yan kwangila suka gwammace su biya tarar miliyoyin daloli.

Abin tambaya a nan shi ne, shin kamfanin ya karya doka ne? Amsa ita ce a'a, kuma a nan ne gizo ke saƙar. Abin da aka rubuta a yarjejeniya shi ne kamfanin zai jawo jarin dala miliyan 200 a kewayen filin cikin wa'adin da aka ɗiba, idan ya yi hakan kuma a ba shi tukuicin wasu miliyoyin daloli. Ba a rubuta adadin gidaje ba, ba a ambaci unguwanni biyar ba. Da aka haɗa kuɗin ofisoshi da benayen ajiye motoci da sabon ginin hedikwatar kamfanin kansa da makamantansu, sai lissafi ya cika. Filin wasan yana da ranar farawa da ranar gamawa da sa hannun lauyoyi, unguwannin kuwa zane kawai suke da shi. Abin da aka ɗaure da takarda ya tabbata, abin da aka bar wa fatar baki ya bi ruwa.

Akwai kuma dalili na biyu, wanda ya shafi lissafin riba. A ɗan taƙin nan akwai manyan filayen wasa uku: Comerica Park da aka buɗe a 2000, Ford Field a 2002, sai wannan sabon, wanda kulob ɗin ƙwallon kwando na Pistons ma ya dawo cikinsa a 2017. Idan aka tara wasannin gida na kulob huɗu, sun kai kimanin 170 a shekara, ban da bukukuwan mawaƙa. Mafi yawan 'yan kallo daga bayan gari suke zuwa da motocinsu, kuma kowa sai ya biya kafin ya ajiye. Mai fili a irin wannan wuri ba ya bukatar bashin banki, ba ya jiran ɗan haya, ba ya gyaran famfo ko rufi. Kwalta da fitila da mai karɓar kuɗi a bakin ƙofa sun wadatar. Daɗin daɗawa, tsarin harajin birnin ya fi nauyi a kan gini fiye da ƙasa, wato wanda ya gina bene sai harajinsa ya ninka, wanda ya bar fili haka nan kuwa ɗan abin da zai biya bai taka kara ya karya ba, ga darajar filin tana hawa kullum. Wane ɗan kasuwa ne zai yi gaggawar gini a cikin wannan hali?

Adalci ne a faɗi hujjar masu kare iyalan. Suna cewa kuɗin gini a Detroit ya fi abin da haya za ta iya mayarwa, bankuna kuma suna ɗari-ɗari, sannan annobar korona ta 2020 ta durƙusar da kasuwar ofisoshi. Suna nuni da makarantar koyon kasuwanci ta Jami'ar Wayne State da aka buɗe kusa da filin a 2018 da gudummawar iyalan, da ofishin da Google ya buɗe a wurin. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Amma fa a tsallaken titin Woodward, a unguwar Brush Park da ke kallon filin wasan, kamfanin Bedrock na attajiri Dan Gilbert ya gina ɗaruruwan gidaje a cikin waɗannan shekaru, mutane kuma suka shiga. Kenan ba masu bukatar gida aka rasa ba.

Birnin Columbus na Jihar Ohio, maƙwabciyar Michigan, ya bi wata hanyar. A 1997 masu zaɓe suka ƙi amincewa da ƙarin haraji domin gina filin wasa, sai kamfanin inshora na Nationwide ya jagoranci gina shi da kuɗin 'yan kasuwa, aka buɗe a 2000 a yankin da tsohon gidan yarin jihar yake. Da yake hedikwatar kamfanin tana nan kusa, kuma ribarsa tana ga hayar ofisoshi da gidajen da zai gina a kewaye, sai unguwa ta tashi da gaske, mutane suna kwana suna tashi a cikinta. Ko a can ɗin ba a tsira gaba ɗaya ba, domin a 2012 hukuma ta saye filin da kuɗin haraji saboda kulob ɗin yana tafka asara. Duk da haka darasin a fili yake: inda ribar mai gini ta dogara ga unguwa, unguwa za ta samu, inda kuwa ribarsa ta kammala a ranar da aka buɗe ƙofar filin wasa, sauran sai yadda hali ya yi.

Masana tattalin arziki sun daɗe suna wannan gargaɗi. Tun a 1997 Roger Noll da Andrew Zimbalist suka fitar da wani littafi da ya tattara bincike a kan filayen wasa na biranen Amurka, inda suka nuna cewa ba sa ƙara wa gari arzikin a-zo-a-gani. Dalilin mai sauƙi ne. Kuɗin da magidanci ya kashe a kallon wasa, da ma zai kashe shi ne a sinima ko gidan abinci na wata unguwa, ayyukan da ake samu kuma galibi na 'yan sa'o'i ne. Abin da ke raya unguwa shi ne mazauna, masu sayen burodi da safe, masu kai yara makaranta, masu biyan haraji shekara da shekaru.

Mutanen Detroit sun ɗan farga. A 2016 suka kaɗa ƙuri'ar kafa dokar da ta wajabta wa masu manyan ayyukan da ke neman tallafin hukuma su zauna da wakilan unguwa a yi yarjejeniya. A 2023 magajin garin na lokacin, Mike Duggan, ya nemi a rage haraji a kan gine-gine a ƙara a kan ƙasa, domin masu ɓoye filaye su ji a jikinsu, amma shirin ya maƙale a majalisar dokokin jihar. A wannan shekarar dai kamfanin Olympia ya dawo tare da attajiri Stephen Ross da sabon shiri na gine-gine goma a kan dala biliyan 1.5, aka kuma amince musu da rangwamen haraji da tallafi na kusan dala miliyan 800. Bambancin wannan karon shi ne mafi yawan rangwamen ba ya zuwa hannu sai an yi ginin. An aza harsashin cibiyar ƙirƙire-ƙirƙire ta Jami'ar Michigan a watan Disamban 2023, amma a 2024 masu aikin suka sake jeren gine-ginen, suka jinkirta na ofisoshi saboda wahalar samun bashi.

Hausawa na cewa zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Ɗan kasuwa riba ya fito nema, kuma ba a ɗora masa laifin abin da bai sa hannu a kai ba. Nauyin yana kan jami'an da aka damƙa wa amanar ƙasar jama'a, suka karɓi zane a madadin sharaɗi. Mu ma nan gida dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ɗora amanar filayen birane a hannun gwamnoni, kuma mun saba ganin ana baje hotunan sababbin birane a gaban 'yan jarida a ranar sa hannu. Duk wanda zai miƙa filin jama'a da sunan raya gari, to ya tabbata an rubuta abin da za a gina, da adadinsa, da ranar gamawa, da kuma sharaɗin cewa fili zai dawo hannun hukuma idan aka saɓa, tallafi kuma ya biyo bayan aiki. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Allah Ya sa shugabanninmu su gane.